Jana'izar Gawo

A shekarun da nake aikin tafinta a buron kwamandan na Magaria, wato ofishinsa, akwai wani zane da ya yi wata uku yana rataye a bangon gabas, daidai saman akwatin takardu, inda ba yadda za a yi in ɗaga kai daga rubutu ban gan shi ba. Wanda ya zana shi mataimakin kwamandan ne, wani saurayin Nasara dogo, mai saurin yin ja a rana, wanda mutanen gari suke kira ƙaramin kwamandan. Kwana shida yakan yi yana sa hannu a takardun da bai karanta ba, ran Lahadi kuma ya ɗauki akwatin launukansa ya fita neman abin zanawa.

Mun je rangadin ƙidaya Dungas a farkon wata damina, Lahadi ta same mu a can. Ni ba na aiki ran Lahadi. A makarantar mishan da na yi aka koya mini hakan, kuma ko da yake ban karɓi addininsu ba, na karɓi hutunsu. Saboda haka shi kaɗai ya hau doki ya nufi wajen Guci, ba tafinta, sai wani ɗan littafin kalmomin Hausa da wani soja ya tattara shekaru da dama kafin zuwansa. Ba na nan lokacin da aka yi kuskuren, kuma ina so a san wannan tun da farko.

Zanen kansa ba shi da laifi. Bakin korama ne, ruwa ya kawo amma bai cika ba. Maza shida sun shiga ruwa har gwiwa, suna rungume da wani dogon abu da aka naɗe da tsofaffin tabarmi, aka ɗaure da igiyar kaba wuri uku. A gabansu wani tsoho ya ɗaga hannu sama, bakinsa a buɗe. Can nesa mata uku sun sunkuya a kan ƙore. A kusurwar hagu, bisa tudu, ga wani abu zagayayye fari-fari, hayaƙi na tashi a gefensa. Balbela ɗaya tana wucewa a sama. A ƙasan zanen ya rubuta da Faransanci abin da ma'anarsa ita ce, jana'iza a bakin ruwa.

Shi da bakinsa ya gaya mini yadda ya gano hakan, yana alfahari da cewa bai buƙaci kowa ba. Ya nuna abin da ke cikin tabarmin, ya tambayi tsohon. Tsohon ya ba shi amsa da kalma ɗaya. Ya buɗe littafin sojan, ya bi layi da yatsa, ya samu gawa. Sojan da ya rubuta littafin ya san kalmar gawa, da kalmar bulala, da kalmar kaza, amma itatuwa ba su dame shi ba, don haka gawo bai shiga ba.

Ban yi minti ɗaya a gaban zanen ba na san abin da nake kallo. Abin da ke cikin tabarmin ya ninka tsohon a tsawo, kuma ban taɓa jin an haifi mutum irin wannan a ƙasarmu ba. Jijiyoyin wuyan mazan shida sun tashi, alhali mutum huɗu ke ɗaukar makara suna tafiya da sauri. Matan kuwa ƙore suke wankewa. Abin nan fari na kan tudu kututture ne sabon sara, har zobban itacen mai zanen ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin kuma rassa ake ƙonawa don a ɓatar da sawu. Gungumen gawo ne ake nutsarwa, kamar yadda masassaƙa suke yi, ya kwana a ruwa har ƙarshen damina, ruwan itacen ya fita, ƙwaro ya ƙi shi, sannan a fafe shi a yi komin shayar da shanu. Idon yaron nan bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Duk ƙaryar daga wuya zuwa sama take.

Bai tsaya a zane ba. Ya rubuta sharhi shafi goma sha biyu, ya ba ni in kwafe saboda kyan rubutuna, don yana so ya aika wa wasu masana a ƙasarsu. A cewarsa, korama ita ce hanyar da ke tsakanin wannan duniya da waccan. Ƙulli ukun nan haihuwa ce da aure da mutuwa. Hannun tsohon sallama ce ta ƙarshe, balbela kuma ran mamacin ne ya kama hanya. Matan kuka suke yi cikin ƙore don kada hawaye ya taɓa ƙasa. Kututturen wurin yanka ne, hayaƙin hadaya. Daga nan ya yanke hukunci cewa Musuluncin mutanen nan riga ce ta sama kawai, kuma shi ne Bature na farko da ya ɗaga ta ya ga abin da ke ƙarƙashi. Na kwafe duka, na gyara masa kurakuran rubutu goma sha ɗaya a harshen uwarsa. Na goma sha biyun, wanda yake a harshen uwata, na rubuta shi a wata ƴar takarda daban, na ninke, na sa a aljihu, da niyyar in miƙa a gaban babban kwamandan. Ban ɓoye ba, na ɗokanta. Shekara biyu yaron nan yana gyara mini lafazi a gaban mutane.

Babban kwamandan tsohon soja ne mai tumbi, wanda abu uku kaɗai suka dame shi a duniya: gyaɗa, hanya, da kada a tashe shi daga barcin rana. Ya saurari sharhin ido a lumshe, ya ce tunda za a aika da sunan buronsa, a kira tsohon ya zo ya faɗi maganar da bakinsa.

A nan ya kamata in bayyana abin da ɗokin gyara ya hana ni tunawa. Gawo ba a sare shi. Tun kafin Nasara sarakuna sun hana, domin shi ke ciyar da gona da awaki, da Nasara suka zo kuma suka sa abin a takarda, suka naɗa masu tsaron daji. Wanda aka kama da ɗanyen gawo, kaso ne da aikin hanya, a kuma ƙwace masa gatari da gizago. Tabarmin da ke cikin zanen saboda masu tsaron daji aka naɗa su.

Ranar da aka sa, na fito da safe na tarar da tsohon a inuwar durumin da ke gaban buro. Ya yi kwana biyu a hanya. Gajere ne, busasshe, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Na gaishe shi, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

Ya ce, "Kai ne bakin Nasara?"

Na ce, "Ni ne tafinta, Baba."

"Shi na ce ai. Me na yi musu?"

Na gaya masa labarin zanen da abin da aka rubuta a ƙasansa. Ya ce, "Wannan dogon da ya zauna yana dangwala wa ƙyalle miya? Gawo na ce masa. Sau biyu na faɗa. Kurma ne?"

"Ba kurma ba ne, Baba. Littafi gare shi."

Ya jinjina kai kamar wanda aka gaya wa sunan wata cuta. Sannan ya ce, "Ɗana, in mutum ya sa gawa a ruwa, me Nasara ke yi masa?"

Na ce ba a rubuta ba. Ba wanda ya taɓa yi, don haka ba a yi wa abin doka ba.

"In ya sari gawo fa?"

Na lissafa masa, ban rage komai ba.

Ya ce, "Ashe gawo ya fi mutum dangi a gidan gwamnati."

Sai na fito da ƴar takardata, na ce masa kuskure ne na harafi ɗaya, kuma na yi niyyar gyarawa. Ya dubi takardar kamar ya ga kunama.

"Wa ya aike ka?"

"Kuskure ne, Baba."

"Naka ne?"

"A'a."

"To ka bar wa mai abu abinsa. Mutum shida ne cikin ruwan nan ban da ni, uku ƴaƴana ne. Ga gero ya fara kai gwiwa. In aka kwashe mu aikin hanya, kai za ka je ka yi mana noma da alƙalamin?"

Na riga na ji daga masinjan da ya kira shi cewa, ban da sassaƙa, shi ne mai wankan mamata a ƙauyuka huɗu na wajensu, ba a rufe namiji sai ya zo. Na ce masa in ya amsa wannan magana, ba a buro za ta tsaya ba. Ya ce ya sani, ya fi ni sanin bakin mutanensa, amma a yau gizagonsa ake nema ba sunansa ba. Na ce to ni dai ya sani ba zan faɗi abin da bai faɗa ba, domin shekara tara ina wannan aiki ban ƙara wa mutum kalma ba, ban rage masa ba.

Ya ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya? Ni ma ban yi sallar asuba don in zo in yi wa Nasara ƙarya ba. Abin da na faɗa, ka faɗa. Abin da ban faɗa ba, ka haɗiye, ba zai shaƙe ka ba."

Aka shigar da mu. Babban kwamandan yana bayan tebur, ƙaramin yana gefe da kaye, wato littafin rubutunsa, da alƙalami, an sauko da zanen an jingina a kujera. Mai gadin ƙofa mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Tsohon ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya dubi zanen da kyau, ya ce mini a hankali an ƙara masa hanci. Wannan ba da kwamandan yake ba, don haka ban fassara ba.

Ƙaramin kwamandan ya fara tambaya. Wane ne wanda ke cikin tabarmin?

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, tsoho ne ƙwarai. Kakana ya tarar da shi a wurin."

Na fassara. Alƙalami ya kama gudu.

Wane irin hali gare shi?

"Ba ya yin abin da sauran suke yi. Da damina, kowa ya yi ado, shi sai ya tuɓe. Da rani, kowa ya tsiyace, shi sai ya sa kore. Awakin ƙauye duk a gindinsa suke ci."

Na fassara kalma da kalma. Yaron ya dubi babban kwamandan ya ce, waliyyi ne irin na da, ya faɗa a shafi na bakwai.

Yaya ya mutu?

"Ya daɗe a tsaye, ranka ya daɗe. Mu muka taimaka masa ya kwanta."

A nan babban kwamandan ya buɗe ido ɗaya. Ƙaramin ya yi sauri ya bayyana masa cewa salon magana ne na mutanen da ba sa son ambaton mutuwa kai tsaye. Idon ya koma ya rufe.

Don me ake sa shi a ruwa?

"Don kada ƙwaro ya ci shi. Zai kwana can har kaka. Sannan mu fito da shi, mu buɗe cikinsa, shanu su riƙa sha daga gare shi."

Na ɗauka a nan asiri zai tonu, domin ko yaron goye zai gane. Na fassara, ina kallon bango. Da na juyo sai na ga idon ƙaramin kwamandan ya kawo ruwa. Ya ce bai taɓa jin magana mai zurfi irin wannan ba, mamaci ya koma ruwa, ruwa ya shayar da garke, garke ya ciyar da masu rai. Ya roƙi tsohon, in ba haramun ba ne, ya maimaita kalmomin da ya furta sa'ad da ya ɗaga hannu.

Tsohon ya ɗaga hannu daidai yadda yake a zanen, ya ce, "Janye ƙafarka, ɗan banza, kafin ka rasa ta."

Da babban ɗansa yake a ranar, gungumen ya kusa sauka masa a yatsu. Na mai da shi Faransanci yadda yake, har da ɗan banzan. Yaron ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce da Mutuwa ake magana, ana korarta daga cikin masu rai, kuma a lura da yadda ake zaginta ba tsoro.

Sai babban kwamandan ya gyara zama. Malalaci ne, amma ba wawa ba ne, kuma ya shekara ashirin yana jin mutane suna amsa tambaya. Ya ce a tambayi tsohon sunan mamacin.

Tsohon ya ce, "Gawo."

Ƙaramin ya ce, ga shi nan, ba sa kiran sunan wanda ya mutu, gawa kawai suke cewa. Babban bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, "Tafinta, haka ne?"

Takardar tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirji. Harafi ɗaya ne, kuma na san in na faɗe shi yaron nan ba zai sake gyara wa kowa lafazi ba har ya bar ƙasar. Tsohon bai dube ni ba, yana kallon tafin hannunsa.

Na ce, "Kwamandan, kalmar da ya faɗa yanzu ita ce wadda ya faɗa wa mataimakinka a bakin korama."

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da ya gane ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Na dai san in gawo ne, sai an yi rahoto, a kira masu tsaron daji, a yi shari'a, a kuma bayyana wa na sama yadda mataimakinsa ya zauna rabin yini yana zana laifi bai hana ba. Ya ce a sallami tsohon, a ba shi abincin hanya.

Na ɗauka an gama. Bayan kwana goma sai babban kwamandan ya kira ni da wata takarda. Ya yi tunani, ya ga in sharhin ya isa hannun manya, za a tambaye shi me ya yi game da lafiyar ruwan sha. Saboda haka ya kafa doka: daga yau an hana sa gawa a korama ko tafki a duk faɗin ƙasar da yake mulki, masu tsaron daji kuma za su riƙa bin bakin ruwa suna dubawa. Ni aka ba in mai da ita Hausa, ni aka kuma aika in karanta a kasuwanni.

Na karanta a Yekuwa, na karanta a Guci, na karanta a Dungas. Na yi mata Hausa mai kyau, domin ban iya yin wata iri ba. A ko'ina mutane sukan dubi juna, sannan wani ya tambayi na kusa da shi su wane ne ke yin wannan aikin. Amsar ba ta da wuyar samu. Kowa ya san tsoho ɗaya ne aka kira Magaria a daminar nan. Mazan da za su iya ba da shaidar gaskiya su shida ne, kuma duk wanda ya buɗe baki ya wanke shi ya sa kansa a kaso. Kafin kaka, ƙauyuka uku cikin huɗun sun samu wani mai wankan mamata. Ba wanda ya ce masa komai. An dai daina aikowa.

Dokar kuwa ba a taɓa yin wadda aka bi kamarta ba. A rahoton ƙarshen shekara, wanda ni na kwafe, babban kwamandan ya rubuta cewa an kawar da al'adar gaba ɗaya ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Ƙaramin ya ƙara shafi na goma sha uku a sharhinsa, yana baƙin cikin cewa mulkinsu ya kashe wata tsohuwar ibada a shekarar da aka gano ta, kuma zanensa ne kaɗai shaidar da ta rage. Wannan jimla ta ƙarshe gaskiya ce, na kwafe ta ba tare da na taɓa ko waƙafi ba.

Na sake ganin tsohon sau ɗaya, a kasuwar Dungas, da rani na biyu. Yana zaune a bayan turame da akusa, gizagonsa a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba fushi ba fara'a. Na tambaye shi iyali, ya ce lafiya, geron shekarar nan ya shiga rumbu, ƴaƴansa suna gida. Na tambaye shi komin.

Ya ce, "Wane komi? Da kuka turo masu tsaron daji bakin ruwa, dole muka fito da shi kwana arba'in bai cika ba. Ɗanye muka fafe shi. Ƙwaro ya gama da shi tun bara."

Na ce Allah ya mayar da alheri.

Ya ce, "Amin. Na ji karatunka a Guci, ina bayan masu gishiri. Ba ka yi tuntuɓe ko ɗaya ba." Sai ya juya ga wata mata da ke ƙwanƙwasa turmi, ya ce mata ta daina duka in ba saya za ta yi ba.